Dokar Ban Ruwa: Darasi Daga Birnin Las Begas Don Masu Lambu da Noman Rani

(Jawabin malamin gona ga masu noman rani da masu lambun gida. An buga shi domin a karanta a taron ƙungiyoyin manoma.)

 

Maganar da na zo da ita yau ta ruwa ce, watau yadda wani birni na ƙasar Amurka ya kafa wa mutanensa dokar ban ruwa, da abin da mu masu lambu za mu tsinta a cikinta. Wani zai ce, Malam, me ya haɗa mu da Amurka? To, abin da ya haɗa mu shi ne rani, da rijiya ɗaya guga da yawa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka a ba ni aron kunne, in fara kai ku can, sa'an nan mu komo gida.

BIRNIN DA RUWANSA

Sunan birnin Las Begas. Yana cikin jihar Nebada, a yammacin Amurka, tsakiyar hamada. Ruwan saman da yake samu a shekara guda bai fi inci 4 ba, watau kimanin milimita 100. Ku gwada da Kano, wadda takan sami wajen inci 30 ko fiye. Abin da su suke samu a shekara, mu mamakon ruwa biyu ko uku na watan Agusta ya isa ya ba mu shi. Zafinsu kuwa ba a magana: a watan Yuli na 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 49. Amma duk da haka mutum fiye da miliyan 2 ne ke zaune a birnin da kewayensa.

Daga ina suke shan ruwa? Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansu daga kogin Kolorado yake. An datse kogin da wata babbar madatsa mai suna Hoover, wadda aka gama a 1936, ruwan ya taru ya zama tafkin Mead. Kogin nan ba nasu ne su kaɗai ba. Jihohi bakwai na Amurka da ƙasar Meziko duk da shi suka dogara, mutum wajen miliyan 40. Tun a 1922 jihohin suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan, a 1928 kuma aka yanka wa jihohi uku na gangaren kogin kasonsu.

Da abin da suke auna kason shi ne ruwan da zai rufe eka ɗaya ya kai zurfin ƙafa ɗaya. Wannan ya kai duro 6,000 da 'yan kai, irin duron nan mai lita 200. Kalifoniya aka ba ta irin wannan awo miliyan 4.4 a shekara, Arizona miliyan 2.8, Nebada kuwa 300,000 kacal, domin sa'ad da aka yi rabon Las Begas ɗan ƙaramin gari ne a bakin hanyar jirgin ƙasa. Gari ya girma, kaso yana nan inda yake.

Daga shekarar 2000 fari ya sauka a kan kogin, ya ƙi tafiya. Tafkin Mead ya yi ta ja da baya, har a watan Yuli na 2022 abin da ya rage bai fi kashi 27 cikin 100 na cikarsa ba. A watan Agusta na 2021 Gwamnatin Tarayyar Amurka ta yi shelar ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihi, aka rage wa Nebada kashi 7 cikin 100 na kasonta na 2022.

INA RUWAN YAKE TAFIYA?

Hukumar ruwa ta kudancin Nebada, wadda aka kafa a 1991, ta zauna ta yi lissafi. Ta ga ruwan gari iri biyu ne. Akwai na cikin gida, na wanka da wanki da bayan gida. Wannan kusan duka yakan bi bututu ya tafi matata, a tace shi, a mai da shi cikin tafkin, kuma kowane galan da suka mayar ana ba su izinin su sake ɗiban madadinsa. Sa'an nan akwai na waje, wanda ake zuba wa ciyawa da furanni da itatuwa. Wannan shi ne wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan garin, kuma shi in ya tafi ya tafi ke nan: rana ta sha, iska ta kwashe, ƙasa ta tsotse.

Wace ciyawa ce? Al'adar mutanen can ce kowane gida a shimfiɗa masa koriyar ciyawa a ƙofa da bayan gida, a riƙa aske ta da inji don ado. Wata ma 'yar'uwar ƙiri-ƙirin nan ce da muke fama da ita da fartanya. Ba dabba ke ci ba, ba kasuwa ake kaiwa ba. Hukumar ta auna ta ga in an tuge ciyawar nan aka dasa itatuwan hamada a madadinta, kowane fili mai ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi yana rage ɓarnar galan 55 a shekara, watau duro guda cur. Ku lissafa: fili kamar ɗakin kwana, ƙafa 10 tsawo ƙafa 10 faɗi, duro 100 ke nan a shekara. Da suka ga haka sai suka san inda za su sa doka.

ABIN DA DOKAR TA CE

Na farko, an raba gidajen gari rukuni shida, kowane gida ya san rukuninsa da ranakunsa.

Na biyu, ranakun suna bin yanayi. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana ɗaya tak a mako. Maris da Afrilu, kwana uku a mako. Lokacin zafi, daga Mayu zuwa Agusta, an yarda da kwana shida. Satumba da Oktoba a koma kwana uku. Ranar Lahadi kuwa ba a kunna famfon feshi ko kaɗan, kowane wata ne.

Na uku, a watannin zafi an hana feshin ruwa daga ƙarfe 11 na safe zuwa ƙarfe 7 na yamma. Dalili shi ne a tsakiyar rana zafi da iska suna kwashe ruwan tun bai taɓa ƙasa ba.

Na huɗu, laifi ne ruwanka ya malalo daga gidanka ya bi titi, laifi ne kuma ka bar bututu yana yoyo. Akwai ma'aikata masu yawo da mota unguwa unguwa, su ɗauki hoton ɓarnar, a rubuta wa mai gida. Tarar ƙaramin gida tana farawa daga dala 80, in ya sake a ninka, in ya kuma a ƙara ninkawa. Cikin takardar kuɗin ruwa ake sa ta, ba ta da magudu.

Bayan doka akwai shawara. Ƙasarsu tauri gare ta, ba ta shan ruwa da sauri. Sai aka ce kada mutum ya saki ruwa minti 12 a jere ya malale. Ya kunna minti 4, ya jira awa guda, ya sake minti 4, ya jira, ya yi na uku. Ruwa ɗaya ne, amma duka zai shiga ƙasa.

Ba sanda kaɗai suka riƙe ba, akwai lada. Tun 1999 hukumar take biyan duk wanda ya tuge ciyawar ado ya dasa abin da ke jure fari. A 2018 ladan ya kai dala 3 a kan kowace ƙafa ɗaya ta fili. Ta wannan hanya an tuge ciyawar da ta haura eka 4,500. A 2003 aka hana sa ciyawa a ƙofar sababbin gidaje. A 2021 majalisar jihar ta yi dokar da ta ce daga farkon 2027 ba za a ƙara zuba ruwan kogin Kolorado a kan ciyawar da ba mai taka ta ba, irin ta tsakiyar titi da shataletale da gaban ofisoshi. Filin wasan yara da na makarantu da lambun shan iska an bar su, domin su ana amfani da su.

ABIN DA AKA SAMU

Tsakanin 2002 da 2021 mutanen yankin sun ƙaru da wajen 750,000, amma ruwan da suke ci daga kogin ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa da aka rage musu kaso a 2022 ba a rufe famfon kowa ba, don abin da suke ci ya riga ya yi ƙasa da sabon kason. Wannan shi ne rigakafi ya fi magani.

Kada in ɓoye muku cikas ɗin abin. Itatuwan da suka saba shan ruwa tare da ciyawa, in an tuge ciyawar ba a ja musu nasu bututun ba, sai su bushe, inuwa ta ragu, gari ya ƙara zafi. Wanda zai rage ruwa lalle ya ware wa itace nasa rabon. Sa'an nan dokar gari ɗaya ba ta cika tafki. Wajen kashi uku cikin huɗu na ruwan da ake ɗiba daga kogin Kolorado gonaki ne ke sha, mafi yawa na ciyawar shanu. Watau ko can ma, babbar maganar tana hannun manoma.

Ba Las Begas kaɗai ta bi wannan hanya ba. A watan Afrilu na 2015 Gwamna Jerry Brown na Kalifoniya ya umarci birane su rage ruwa da kashi 25 cikin 100, aka kuma hana ban ruwan ciyawa cikin kwana biyu bayan an yi ruwan sama. A nan Afirka, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini a watan Fabrairu na 2018, ya hana ban ruwan lambu da ruwan famfo. Lita 50 fa, jarka biyu ke nan.

MU FA?

To, mu komo gida. Dattawan da ke nan sun ga farin 1973, sun ga na 1984. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978, ta Challawa a 1992, noman rani ya bunƙasa. Amma ruwan da aka riƙe a sama, na ƙasa ne ya rasa shi. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun san wannan magana. Yadda jihohin Amurka suke jan kogi ɗaya, haka mai komi a bakin hanyar ruwa da mai komi a ƙarshenta suke jan ruwa ɗaya. Na gaba ya cika nasa har ya yi ambaliya, na baya yana kallon tumatirinsa yana yaushi. Daga nan sai zage-zage, sai fasa hanyar ruwa da dare, sai gaban alƙali.

A fadama kuma injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Da jigo, ƙarfin mutum ne ke yi masa iyaka. Da inji, iyakarsa kuɗin mai. In kowa ya kunna nasa safe da rana, kafin watan Afrilu rijiyoyi sun ja, har ta shan gari. A manyan garuruwanmu ma akwai gidaje da ma'aikatu masu ban ruwan ciyawar ado da tsakar rana, a bayan katangarsu kuwa mata suna jiran mai kurar ruwa.

Mu ciyawar ado ba ta dame mu a gona ba. Amma ruwan da ya wuce bukatar shuka daidai yake da ruwan ciyawar ado, domin ba ya haifar da ko ƙwaya ɗaya. Masana ban ruwa sun auna cewa irin namu na kwararawa cikin komi, daga ruwan da ya iso gona kimanin kashi 60 cikin 100 ne ke amfanar shuka. Na feshi kashi 75, na ɗigo kashi 90. Kafin ma ya iso gona, hanyar ruwa ta ƙasa ta riga ta sha nata. Inci ɗaya na ruwa a kan eka ɗaya duro 500 ne. In ka zuba inci uku inda biyu sun isa, ka zubar da duro 500, ka ƙone man da ya ɗago su a banza.

Kuma yawan ruwa cuta ne. Yana wanke takin zamani, musamman yuriya, ya kai shi ƙasan saiwa. Yana toshe wa saiwa iska ta ruɓe. Inda babu magudana yana taso da gishiri, ku ga ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, shekara ta zagayo ta ƙi ba da kome.

ƘA'IDOJI SHIDA GA MAI LAMBU

1. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Wannan ya fi muhimmanci ga mai yayyafi da bokiti ko butar feshi, da mai renon iri. In ƙa'idar hanyar ruwa ta sa rabonka ya faɗo da rana, to, yi, amma ka tsaya a kai har ka rufe.

2. A bi yanayi. Ruwan da shuka ke sha a watan Disamba da Janairu bai kai na Maris da Afrilu ba. Wanda ya riƙe ranaku ɗaya daga farkon rani zuwa ƙarshensa, ko dai ya yi ɓarna da hunturu ko ya ƙware shukarsa da bazara.

3. A tambayi ƙasa. Tona zurfin taƙi ɗaya kusa da shuka, ɗebi ƙasa ka dunƙule a hannu. In ta dunƙulu ta tsaya, akwai laima, jira. In ta wargaje, lokaci ya yi. Jigawa tana son ruwa kaɗan kaɗan akai-akai, laka tana son a ba ta sosai a jima ba a koma ba.

4. A daidaita komi, a gyara hanyar ruwa. Komi mai tudu da kwari sai an nutsar da rabinsa kafin ɗaya rabin ya jiƙe. A toshe ramin ɓera da na gara, a nome ciyawa da kacalla daga hanyar ruwa kafin a fara aiki, a ɗaure tiyon da ya tsage.

5. A rufe ƙasa. Buntun shinkafa, ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawa ko yankakken kara, a shimfiɗa kaurin yatsa biyu ko uku a gindin shuka, kada ya taɓa karanta. Yana tsare laima, yana danne ciyawa, in ya ruɓe ya zama taki. Takin gargajiya shi ma yana sa ƙasa ta riƙe ruwa. Mai lambun gida yana iya binne tulu marar fenti har wuya, ya cika shi da ruwa ya rufe bakin, ya shuka kewaye da shi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa daidai wurin saiwa.

6. A san lokacin da shuka ba ta haƙuri da lokacin da take yi. Alkama kada ta rasa ruwa wajen mako uku bayan shuka, da sa'ad da take fitar da kai tana ɗaukar ido. Tumatir yana son ruwa daidai wa daida lokacin fure da 'ya'ya, domin in an bar shi ya bushe sa'an nan aka malala masa, sai ya tsage. Albasa kuwa a janye mata ruwa kamar mako biyu kafin cira, ta fi daɗewa a ajiye.

A kuma duba abin da za a shuka. Daga dashe zuwa cira albasa takan sha milimita 350 zuwa 550, alkama 450 zuwa 650, tumatir 400 zuwa 800, rake kuwa 1,500 zuwa 2,500. Wanda rijiyarsa ke ja a watan Maris ya san abin da ya fi ƙarfinsa. A tsakar gida da harabar makaranta da ofis, in ana son inuwa da kore, ga darbejiya, ga zogale, ga magarya da kurna da dabino. Da sun kama ƙasa ba su da wahalar ruwa, kuma ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa ya ishe su.

YADDA ZA A KAFA DOKA A ƘUNGIYA

Mutum ɗaya in ya yi tattali maƙwabcinsa yana ɓarna, rijiya za ta ja dai. Abin da ya sa dokar Las Begas ta ci shi ne kowa ya san ranarsa, an rubuta, akwai mai dubawa, kuma ta hau kan babba da yaro. Duk wannan ba ya bukatar dala.

Kafin a fara noman rani ƙungiyar masu amfani da ruwa ta zauna gaban dagaci da Sarkin Noma. A raba komaye rukuni rukuni, a yanka wa kowane rukuni ranarsa da awoyinsa. A riƙa farawa daga ƙarshen hanyar ruwa wani zagayen, domin na baya shi ma ya sami ruwa da ƙarfinsa. A sa ranar aikin gayya ta yashe hanya. A kafa sanda mai alama a rijiya ko tafki, a riƙa dubawa kowace Juma'a, a kuma yanke tun yanzu cewa in ruwa ya sauka ƙasa da alama kaza, kowa zai rage awa kaza. Yanke wannan tun ruwa yana da yawa ya fi sauƙi bisa ga yanke shi ranar da rai ya ɓaci. A zaɓi mutum biyu masu amana su riƙa zagayawa. Wanda ya karya doka a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tara, kuɗin ya shiga asusun gyaran hanya. Wanda ya fi kowa tsaftar hanya da komi kuwa a yaba masa a bainar jama'a. Ruwan sha na mutane da na dabbobi shi ne gaba da kome, a bar wa makiyaya mashayarsu da hanyar zuwa gare ta. A rubuta dokar da boko da ajami, a liƙa inda kowa zai gani.

Ranka ya daɗe, doka irin wannan in ta tsallake gonar mai kuɗi ko ta ɗan sarauta, ta mutu tun ranar. Addini ma ya hana mu almubazzaranci da ruwa ko da wajen alwala ne, balle wajen da abincin maƙwabci yake.

Duk mai son a auna masa komi, ko a nuna masa gwajin laimar ƙasa, ko a taimaka wa ƙungiyarsa ta tsara ranakun ban ruwa, ya nemi malamin gona na yankinsa tun kafin a daina ruwan sama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga rani lafiya, ya raba mu da fari.